Iyakar Maƙeri da Iyakar Zafi: Hukuncin Ƙure wa Kwamfuta Gudu a Damagaram

Duk firosesar da ta fito daga masana'anta tana zuwa da lambobi uku da maƙerinta ya rubuta mata: gudun da za ta yi, wutar da za ta ci, da zafin da za ta iya jurewa. Tun farkon yaɗuwar kwamfutar tebur kuma ba a rasa masu ƙin tsayawa a kan waɗannan lambobi ba. Sukan kutsa cikin saitin na'urar su ɗaga bugun agogonta, su ƙara mata ƙarfin wuta, har ta kama yin aikin da aka ce sai wadda ta ninka ta kuɗi ke iyawa. Bidiyoyin masu wannan sana'a sun cika YouTube, ana kuma kallonsu a Damagaram kamar yadda ake kallonsu a Landan ko Dubai. Matashin da ke haɗa bidiyon biki a Zango, da mai zanen gini a Sabon Gari, da ɗalibin Jami'ar André Salifou, idan na'ura ta yi musu nawa, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihu, kwaɗayin ƙure mata gudu ba abin mamaki ba ne. Tambayar da ke biye da wannan ta wuce teburin mai gyara, ta shiga fagen fiƙihu da ɗa'a: ya halatta mutum ya ɗora wa kayan aiki abin da ya zarce iyakar da maƙerinsa ya sa? Abin da nake gani shi ne iyaka biyu ake cakuɗawa. Akwai iyakar maƙeri, wadda alkawari ce tsakanin mai sayarwa da mai saye. Ana iya tsallake ta, amma wanda ya tsallake ya sauke lamuni daga wuyan kamfani ya rataya a nasa. Akwai kuma iyakar zafi, wadda ke cikin tsarin da Allah ya gina halitta a kai, ba ta jin roƙo ba ta jin wayo. Hukuncin aikin yana rataye ne ga sanin wadda mutum ke taɓawa, da sanin wanda zai biya idan ɓarna ta auku.

Iyakar maƙeri tana da asali, kuma saninsa yana rage mata kwarjini. Firosesa ɗan guntun silikon ne da aka jera wa biliyoyin tiranzisto, kowanne yana kunnuwa yana kashewa bisa bugun wani agogo. Idan aka ce gigahaz 4, ana nufin bugu biliyan huɗu a daƙiƙa ɗaya. Daga faifan silikon guda ake yanko gutsattsari masu yawa, kuma ba sa fitowa daidai da juna. Wani yana gudu da wuta kaɗan, wani sai an ƙara masa, wani yana da sashe mai aibi da za a rufe. Kamfani yakan gwada su ya rarraba su aji-aji, ya sa wa kowane aji suna da farashi, ya kuma bar rata tsakanin abin da guntun ke iyawa da abin da aka rubuta masa, don ya yi shekaru yana aiki ko a hannun wanda bai san kula ba. Wani lokaci kuma kasuwa ce ke yanke hukunci: idan masu neman mai araha sun fi yawa, sai a ɗauki guntu mai kyau a liƙa masa ƙaramin suna. Shahararren misali shi ne Celeron 300A da Intel ya fitar a 1998. An rubuta masa megahaz 300, amma da mutum ya ɗaga gudun babban allon daga 66 zuwa 100, sai ya hau 450 ya zauna daram, yana kafaɗa da Pentium II mai 450 wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Ƙarin rabi ke nan a kyauta. Lambar da ke jikin akwati, ashe, rabinta ilimin injiniya ne, rabinta lissafin ɗan kasuwa.

Wannan ya isa amsa ga ƙin yarda na farko, wanda ake ji daga masu tsantseni. Sukan ce wanda ya ƙera abu shi ya san iyakarsa, ƙetare ta rashin ƙana'a ne, wasu ma har su jawo ayar Suratun Nisa'i da ke zargin masu canza halittar Allah. Maganar tana da kyakkyawar niyya, amma ta sa abu a inda ba muhallinsa ba. Haddodin da aka hana ƙetarewa na Allah ne, ba na wani kamfani a Kalifoniya ba, kuma malaman tafsiri sun fassara waccan aya da abubuwa irin su tsaga kunnen dabbobi don gumaka da sauya addinin da aka halicci mutum a kai, ba sarrafa ƙarfe da yashi ba. Asalin hukunci a al'amuran duniya da sana'o'i shi ne halacci har sai dalilin hani ya zo. Ƙissar barbarar dabino a Madina, wadda Muslim ya ruwaito, ta nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar wa manoma sha'anin gonarsu, domin su ne masana aikinsu. Ƙana'a kuwa aikin zuciya ce, ita ce kawar da kai daga abin hannun mutane da yarda da rabon da Allah ya yi. Ba ta nufin mutum ya bar amfanin da ke cikin dukiyarsa ta halal ya kwanta. Wanda ya gano cewa na'urar da ya saya da guminsa tana da sauran ƙarfi, ya fito da shi bisa sani, bai saci komai ba, bai kuma yi wa kowa shisshigi ba.

Iyaka ta biyu ita ce wadda ba a sasantawa da ita. Duk lokacin da tiranzisto ya kunnu ko ya kashe yana cin wuta, kuma duk wutar da ya ci zafi take komawa. Zafin yana hawa daidai da gudu, amma game da ƙarfin wuta ninki biyu yake yi, wato ƙarfin sau kansa. Idan aka ƙara gudu kashi 10 cikin 100, aka ƙara ƙarfin wuta kashi 10 don gudun ya zauna, zafin da ke fita zai ƙaru da kusan kashi 33. An sami ɗaya, an biya uku. Shekaru da dama masana'antar ba ta ji wannan ciwo ba, saboda abin da Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa suka bayyana a 1974: duk lokacin da aka ƙanƙanta tiranzisto, wutar da yake buƙata ma tana raguwa. Wannan garaɓasa ta ƙare a tsakiyar shekarun 2000. A watan Oktoba na 2004 Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, ya tsaya a 3.8, masana'antar duka ta koma jera ƙwaƙwale da yawa a guntu ɗaya maimakon tseren bugun agogo. Masu neman kafa tarihi ma ba su kuɓuta ba. A 2011 an kai firosesar AMD FX-8150 gigahaz 8.429, sai a watan Disamba na 2022 aka tsallake gigahaz 9 da Core i9-13900K, kuma da ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, na ɗan lokacin da za a ɗauki shaida kawai. Shekara goma sha ɗaya, ƙarin bai kai gigahaz ɗaya ba. Suratur Rahman ta haɗa ɗaga sama da kafa ma'auni, ta kuma yi hani ga ƙetare shi. Mai lura zai ga ma'aunin nan har a cikin guntun silikon: komai an halicce shi da gwargwado, kuma kuɗi da dabara ba sa soke gwargwadon, sai dai su jinkirta ranar biya.

A nan ne Damagaram ta bambanta da inda ake ɗaukar waɗancan bidiyoyi. Na'urar sanyaya firosesa, ta iska ce ko ta ruwa, ba ta ƙirƙirar sanyi. Kwashe zafi take yi ta zuba a iskar ɗaki, don haka kullum firosesa tana sama da zafin ɗakin da wasu digirori. Mai gwaji a ɗaki mai digiri 22, idan ya nuna firosesarsa a digiri 80, to irin wannan na'ura da irin wannan saiti a shago mai rufin kwano a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin garin ke haura 40, za ta doshi 100. Daidai nan kuwa iyaka take: AMD ya sa wa jerin Ryzen 7000 digiri 95, Intel ya sa wa yawancin na tebur na shekarun nan digiri 100, kuma da an taɓa wurin sai firosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ga kuma ƙura. Duk mai gyaran da ya buɗe akwatin kwamfuta bayan hunturu ya san abin da zai tarar: ƙura ta yi dabe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi har ta zama kamar ƙyalle, fanka tana juyi tana gurnani amma iska ba ta ratsawa, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen ya bushe yana ɓarɓashi. Ga wuta, wadda Damagaram da Maraɗi suka daɗe suna samun kaso mai yawa nata ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Ɗaukewa da dawowa, da hawa da saukar wutar janareta, duk suna cin rai na na'ura. Ratar da maƙeri ya bari don ɓacin rana, yanayin garin ya riga ya cinye mafi yawanta tun kafin mai na'ura ya taɓa komai.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Birni ya san wannan mas'ala tun kafin a san lantarki, domin garin a kan kayan raƙumi ya tashi. Zango masaukin ayari ne. Ta nan kayan Tarabulus da Gat ke ratsawa zuwa Kano, ta nan kantun gishirin Bilma da Fashi ke sauka, kuma a nan matafiyi Heinrich Barth ya zauna daga ƙarshen Disamba na 1852 zuwa ƙarshen Janairu na 1853 yana jiran guzurin da ayari zai kawo masa. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, fatauci ya bunƙasa, kuma inda fatauci ya bunƙasa hayar dabba takan kai mutane gaban alƙali. Hukuncin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mudawwana da Mukhtasar na Khalil, a fili yake. Wanda ya yi hayar dabba a kan kaya sananne, ta mutu a hanya ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Idan kuwa ya ƙara mata kayan da irinsu ke halaka dabba, ta halaka, mai ita yana da zaɓi: ko ya karɓi kuɗin dabbarsa, ko ya karɓi ladan ƙarin da aka yi. Idan ƙarin ɗan kaɗan ne wanda irinsa ba ya kisa, ladan ƙarin kawai za a biya. Abin lura shi ne malamai ba su tsaya ga cewa an ƙara ko ba a ƙara ba. Sun duba girman ƙarin, sun duba wanda ya yi shi, sannan suka ɗora lamuni a inda ya dace. Takardar garanti ta zamani a kan wannan hanya take: Intel da AMD duka sun rubuta cewa lalacewar da ta biyo bayan ƙure gudu ba ta cikin abin da suka lamunce. Daga nan hukunci na farko ya fito. Kwamfutar ofis, ta makaranta, ta asibiti, ta aro ko ta haya amana ce, kuma ma'aikaci ko mai gyaran da ya ɗaga mata gudu ba da izinin mai ita ba ya yi ta'addi, ko da ba ta lalace ba. Idan ta lalace, biya ya hau kansa.

Mai ƙin yarda na biyu daga ɗaya gefen yake zuwa. Zai ce dabba rai gare ta, tana jin ciwo, shi ya sa Annabi ya tsawata wa mutumin Madina da raƙuminsa ya kai ƙararsa kan yunwa da yawan aiki, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Silikon kuwa ba ya jin komai, kuma idan na'urar tawa ce, in ga dama in ƙone ta. Rabin maganar gaskiya ne. Haƙƙin rai ba ya ƙaura zuwa ƙarfe, kuma ba wanda zai ce an zalunci firosesa. Abin da ya rage shi ne haƙƙin dukiya, kuma shi bai faɗi don dukiyar taka ce ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya na cikin abubuwan da Allah ya ƙi, kuma shari'a ta ba alƙali ikon hana wawan dukiya taɓa abin da yake nasa. Ɓarnar ƙure gudu ba ta cika zuwa da hayaƙi da tartsatsi ba. A hankali take ci. Wuta mai yawa a cikin siririyar hanyar ƙarfe mai zafi tana ture ƙwayoyin ƙarfen daga mazauninsu, wuri ya sirance har ya tsinke, abin da James Black na kamfanin Motorola ya yi wa lissafi a ƙarshen shekarun 1960, ya nuna rayuwar hanyar tana gajarta da yawan wuta da yawan zafi. Masu ƙera kafasito, ɗaya daga kayan da ke kan babban allon kwamfuta, ma suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Amma ba kowane haɗari ne tozartawa ba, in ba haka ba da an haramta fatauci. Ma'aunin shi ne a auna abin da za a samu da abin da za a iya rasawa. Ɗalibin da ke koyo a kan tsohuwar na'urar da ba a dogara da ita ba, ilimi yake saye da haɗarinsa, kuma ciniki ne mai kyau. Wanda kwamfuta ɗaya ce ke ciyar da gidansa, ya jefa ta a haɗari don ƙarin gudun da ido ba zai gani ba, shi ne ake cewa garin gyaran gira ya rasa ido.

Wurin da mas'alar ta fi tsanani shi ne ciniki, kuma tarihin wannan sana'a ya nuna haka. A shekarun 1990 wasu 'yan kasuwa sun riƙa kankare rubutun da ke jikin firosesar Pentium mai ƙaramin gudu su buga mata babbar lamba, su sayar a kan farashin babba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Intel ya kulle maninkin gudu a firosesocinsa wajen ƙarshen shekarun. Fiƙihu yana da babin da ya hau kan wannan daidai, babin dabbar da ake ƙin tatsa kwana biyu ko uku don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. An ba mai saye damar mayarwa, ya haɗa da sa'i ɗaya na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Kwamfutar da aka ɗaga wa gudu don allon bayani ya nuna babbar lamba a gaban mai saye, ko wadda aka azabtar da wuta shekara biyu sannan aka mayar da saitinta aka goge mata jiki, duka biyu suna ƙarƙashin wannan hukunci. Hadisin tarin hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa sananne ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta hana mai sayarwa ɓoye duk abin da ya san idan ya faɗa mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Aibin firosesar da ta gaji ya fi na hatsi ɓoyuwa, domin ba hannun da za a cusa a ji damshi. Mai saye a Kasuwar Dole ba shi da abin dogaro sai bakin mai sayarwa, kuma duk inda mai saye ya fi rauni, wajibcin bayani ya fi nauyi.

Batun memori ya buɗe wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Hukumar JEDEC ce ke tsara gudun da aka amince da shi: DDR4 ya tsaya a 3200, DDR5 kuma ya shigo kasuwa a 2021 da 4800. Yawancin memorin da ake tallata shi da 6000 ko fiye ba ya kaiwa nan sai an kunna masa saitin XMP na Intel ko EXPO na AMD, kuma wannan kunnawa ƙure gudu ce, ko da danna ɗaya ce. Kowane ɗigon bayani a cikin memori caji ne ƙanƙani da ke tsiyayewa, dole a riƙa sabunta shi. A DDR4 ana zagaye shi cikin kashi 64 cikin 1000 na daƙiƙa, idan zafi ya wuce digiri 85 kuma sai an ninka saurin zagayen. Memorin da aka takura a ɗaki mai zafi yana iya juya ɗigo ɗaya, ɗaya ya koma sifili, na'ura ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙara ba. Kwamfutar da ta mutu tsakiyar aiki ta faɗi gaskiya, kowa ya san da matsala. Wadda ta ci gaba da aiki tana ba da amsar da ba daidai ba ta zama mai shaidar zur, kuma wanda zai cutu ba lalle ne mai ita ba: mai albashin da aka lissafa, ɗalibin da aka tara wa maki, magajin da aka raba wa gado, amaryar da bidiyon bikinta ya lalace ba kwafi. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hau kan wannan. Don haka gwaji wajibi ne ga duk wanda aikin mutane ke bi ta na'urarsa. Manhajoji irin su MemTest86 da Prime95 kyauta suke, abin da suke nema shi ne a bar su sa'o'i masu yawa, kuma a nan garin da rana tsaka a bazara ya kamata a yi gwajin, ba da asubar hunturu ba. Wanda ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, umartarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Saura ƙin yarda mafi ƙarfi, wanda ke da ƙamshin adalci. Mai shi zai ce kamfanonin nan da kansu suke sayar da firosesa buɗaɗɗiya, Intel da jerin masu harafin K tun 2010, AMD da jerin Ryzen. Firosesar zamani tana kare kanta. Kuma idan lambar akwati dabarar kasuwa ce, talaka ya fi kowa cancantar karɓo abin da aka ɓoye masa. A 1998 wannan hujja tana da ƙarfi ƙwarai. A yau ta yi rauni, domin kamfanonin sun riga mai saye kwashe ratar. Firosesar zamani tana ɗaga gudunta da kanta gwargwadon sanyin da ta samu, har ta kusa bango, abin da ya rage wa mai ƙurewa da hannu ɗan kaɗan ne. Kare kai da take yi kuwa rage gudu ne, wato wanda ya ƙara mata wuta a ɗaki mai zafi yana iya ƙarewa da na'urar da ta fi da nawa. Sauri ya haifi nawa. Mafi yawan kwamfutocin gwanjo na ofis, irin HP da Dell da Lenovo da suka cika shagunanmu, a kulle ma saitinsu yake. Abin da ya faru a 2024 ya isa darasi. A watan Yuli na shekarar Intel ya amsa cewa wasu firosesocinsa na tebur na zuriya ta 13 da ta 14 suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke gajiyar da su ya sa su tangarɗa. Ya fitar da gyaran manhaja, wanda ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, ya kuma ƙara shekara biyu a garanti. Maƙerin da kansa, da dubban injiniyoyinsa, ya matsa kusa da bango ya ji a jikinsa, kuma da yake shi ya ƙara kayan, shi ya biya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Idan manufa ita ce aiki ya yi sauri, hikima tana da jerin da ya fi ƙure gudu araha da aminci. Na'urar da ke nishi da memori gigabait 4 ko 8, a kai ta 16, a sa guda biyu masu kama da juna don su yi aiki ta hanya biyu. Yawa a nan ya fi gudu amfani. A cire tsohon faifai mai juyi a sa SSD, canjin da kowa zai gani tun daga kunnawa. A hure ƙura bayan kowane hunturu, a goge busasshen man a shafa sabo, a ɗaga akwati daga ƙasa, a bar masa hanyar shigar iska da ta fita. Babban ƙarfen zuƙe zafi mai fanka ya fi dacewa da mu a kan na ruwa, domin ba shi da famfon da zai mutu ko tiyon da zai ɗiga, kuma idan fankarsa ta tsaya ana samun madadi a gari. Na'urar daidaita wuta da batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke sun fi kowane ƙarin gigahaz daraja. Ɗakin ma yana cikin lissafi: kaurin ginin tubali irin na Birni yana jinkirta shigar zafin rana fiye da bulo da kwano, kuma aiki mai nauyi da aka bar wa dare ko safiya ya samu digirorin da ba a biya ba. Mai ilimin shiga saiti kuwa yana iya juya iliminsa ta ɗaya fuskar, ya rage wa firosesa ƙarfin wuta ya bar gudunta yadda yake, ya gwada har ya tabbatar ta zauna. Lissafin ninki biyu da ke cutar mai ƙari shi ne ke amfanar mai ragi: rage kashi 10 na ƙarfin wuta yana sauke kusan kashi 19 na zafi. Wannan ma tsallake saitin maƙeri ne, amma ta gefen da ke tsare dukiya da rage kuɗin wuta.

Hukuncin, a taƙaice, shi ne ƙure wa firosesa ko memori gudu halal ne a asalinsa, da sharuɗɗa huɗu: na'urar ta zama taka ko da izinin mai ita, ka san abin da kake yi ka kuma gwada, aikin wani kada ya cutu, sannan ka faɗi gaskiya ranar sayarwa. Idan sharaɗin farko ya faɗi an ci amana, idan na biyu ya faɗi an tozarta dukiya, idan na uku ya faɗi an yi cuta, idan na huɗu ya faɗi an yi algus. A yanayin Damagaram kuwa, inda zafi da ƙura da rashin tabbas na wuta suka riga suka ci ratar, barinsa ya fi yinsa ga duk wanda na'urarsa ce jarinsa. Kira ga masu gyara da masu haɗa kwamfuta shi ne su riƙa sanar da mai kaya duk saitin da suka taɓa, su rubuta a takardar ciniki. Kira ga malamanmu kuma shi ne su shigo da irin waɗannan mas'aloli cikin karatun babin ciniki da na haya, su zauna da masu sana'ar su ji yadda abin yake kafin su yi fatawa, domin ƙa'idojin suna nan a littattafan da ke hannunsu, matasan da ke buƙatarsu kuma suna nan a kasuwa.